Darasi na 11: Mai Koyar da Manya Aikin Hannu

A garuruwa da yawa yanzu, bayan ajin karatu da rubutu, akan keɓe wani zaure, ko wata rumfa, ko ɗaki guda a cikin cibiyar da hukuma ko jama'ar unguwa suka gina, inda manya maza da mata ke taruwa don koyon aikin hannu da na ƙawa, kamar su ginin tukwane, da ɗinkin hula, da saƙa, da rini, da dukanci, da zanen ƙwarya, da zane a kan takarda. Da yake kuwa galibi daga cikin irinku, waɗanda suka yi nisa a wannan aji kuma suke da wata sana'a a hannu, ake zaɓen wanda za a ɗora wa nauyin koyarwa, ya kyautu mu tsaya mu duba abin da ke wuyan mutumin da aka nuna masa ɗaki, aka tara masa almajirai waɗanda waɗansunsu sun haife shi, aka ce masa bismilla.

Da farko dai kada wani ya ɗauki wannan aiki wasa ko abin rage dare. Malaman fiƙihu sun lasafta sana'o'in da jama'a ba ta iya zama sai da su, irin su noma da saƙa da ɗinki da gini, cikin farali na kifaya, watau abin da in waɗansu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, in kuwa kowa ya yi watsi da shi laifin ya game gari duka. Ƙawata abin da aka yi ma ba baƙo ba ne a wurinmu, gama duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani, ko ya tsaya a gaban tsofaffin gidajen Zariya da Kano ya dubi zanen da magina suka yi a fuskar soro, ko ya ɗaga babbar riga mai aska takwas ya lura da irin haƙurin da ya shiga cikinta, ya san kakanninmu ba su gamsu da abu ya yi amfani kurum ba, sai ya haɗa da kyau.

To, babban abin da ya raba koyar da yaro da koyar da babba shi ne, yaro yakan zo hannunsa wofi, babba kuwa ba ya zuwa haka. Matar da ta shekara 30 tana daɓen ɗaki, tana jeren ƙore, tana kitso, tana ɗinkin faifai, hannunta ya riga ya san daidaito da tazara ko da ba ta taɓa riƙe fensir ba. Haka nan dattijon da kowane rani yake saƙa zana da asabari, yana tufka igiya, idonsa ya san inda layi ya karkace tun kafin a gaya masa. Mu'allimin da bai lura da wannan ba yakan soma da wanke abin da mutum ya zo da shi, kamar yadda ake wanke allo don a yi sabon rubutu, sai a wayi gari almajiri ya saki nasa bai kuma kama na malam ba, ya koma gida da zaton cewa shi ba shi da baiwa, alhali baiwar tana nan, malamin ne bai tambaye ta ba. Domin mu fahimci wannan mas'ala sosai, bari mu ɗauki labarin wata makaranta da aka yi a ƙasarmu, wadda sunanta ya kai ƙasashen duniya.

A shekarar 1950 gwamnatin Nijeriya ta wancan zamani ta ɗauki wani Baturen Ingila, mai suna Michael Cardew, aikin duba sha'anin ginin tukwane. Mutumin gwani ne a sana'ar, ya koya a hannun wani mashahurin magini na ƙasarsu, Bernard Leach, ya kuma yi shekaru yana wannan aiki a Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu da aikin magina, har tafiya ta kai shi Abuja. Ba babban birnin tarayya na yau ake nufi ba, tsohuwar Abuja ce wadda zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa, wadda yanzu ake kira Suleja. A gidan Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya ga waɗansu manyan tukwanen ruwa da sarki ya ajiye saboda kyansu, aka shaida masa aikin wata Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali, sunanta Ladi. Da yake wurin yana da yumɓu mai kyau, da ruwa, da itacen wuta, ga kuma sarki mai son abin, sai ya zaɓi Abuja ya kafa makarantar koyon ginin tukwane, wadda aka gina aka soma ɗaukar almajirai tsakanin 1951 da 1952, dukansu maza. Sai a 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko, tana da wajen shekara 30 a duniya, ba ta yi karatun boko ba, amma tun tana ƙarama ta koyi gini a wurin wata 'yar'uwar mahaifanta, har ta zama gwana a ƙasarsu.

Ga yadda take gini. Takan ɗauki curin yumɓu ta aza, ta luma hannu a tsakiyarsa ta buɗe, sa'an nan ta riƙa jawo bango sama tana zagaya tukunyar da ƙafarta, gama a ginin Gwari tukunya tana tsaye wuri guda, maginiya ce ke juyawa. In yumɓu ya ƙare ta murza wani ya yi tsawo ta naɗa a baki ta shafe, har ciki ya cika ya yi ƙoshi, kafaɗa ta zagayo, wuya ya tsuke, ba ma'auni ba komai sai ido da tafin hannu. Tun jikin yana da sauran danshi takan mirgina ɗan murɗaɗɗen zare ko ɗan itace mai tsaga a kansa ya bar sawu layi-layi, ta raba jikin gida-gida, sa'an nan ta ɗauki wani abu mai kaifi kamar aska ta tsaga siffar ƙadangare a wannan gida, kunama a wancan, kifi, ko kada, ko hawainiya, ko tsuntsu, kowanne ta cika cikinsa da ƙananan tsage. A al'adarsu in tukwane sun bushe akan tara su a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta.

Cardew kuwa sana'arsa ta sha bamban da wannan, domin shi a kan wani faifai mai juyawa yake gini, wanda ake turawa da ƙafa, yana shafa wa kayan wani ruwa da ke narkewa a wuta ya daskare ya yi sheƙi irin na tangaran, yana kuma gasa su cikin rufaffen tanderu wanda zafinsa ke wuce digiri 1,200, alhali wutar fili ba ta kai 1,000. Da a ce mutum ne mai gajeren tunani, da sai ya ce wa Ladi ta manta da ginin ƙauye tun da ta zo makaranta. Bai yi haka ba. Ya koya mata faifan, ta kuwa iya, tana yin kwanuka da farantai da kofuna. Amma ya bar ta ta ci gaba da gina manyan tukwanenta da hannu yadda ta gada, da ƙadangarunta da kunamunta, abin da ya ƙara mata shi ne yumɓun da ke jure babbar wuta, da farar ƙasa da ake cusawa cikin tsagen don zane ya fito, da ruwan sheƙin da ake gani ta cikinsa. Daga baya waɗansu mata suka biyo ta, cikinsu har da Halima Audu, da Asibi Ido, da Kande Ushafa, suna aiki a ɗaki guda wanda ake kira Ɗakin Gwari. Akwai kuma wata ƙa'ida a makarantar wadda na ga ya kamata kowace cibiya ta ara: kowane kaya akan buga masa hatimin Abuja da rubutun ajami, a gefe kuma hatimin wanda ya gina shi, na Ladi haruffa biyu ne, LK. Mutumin da ya san sunansa zai bi aikinsa duk inda ya tafi ba ya yin ha'inci a gindin tukunya inda ba a gani.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An nuna kayan Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962, aikin Ladi ya fi jan ido. Ita kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus, ta je Amurka a 1972, tana gini a gaban manyan malaman sana'ar suna kallo suna mamaki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta rasu a Minna a 1984. An sa wa makarantar sunanta, kuma hotonta ne tana gini kuke gani a bayan takardar naira 20.

Amma fa adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen, don kada a ɗauka duk abin da malami ya ƙara alheri ne tsantsa. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar nan ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. In aka shafa mata ruwan sheƙi aka gasa ta a babbar wuta, ƙofofin sun toshe ke nan, ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya. Ga ta da nauyi, ga tsada wadda ta fi ƙarfin mutumin Kwali. Tukwanen Ladi na makaranta sun tashi daga gindin rumfa sun koma ɗakunan manya da gidajen ajiye kayan tarihi. Ba na cewa an yi hasara, gama ta wannan hanya duniya ta san abin da matan Gwari suka iya, ita ma ta ci moriyar guminta. Abin da nake cewa shi ne, kowace sabuwar dabara tana ba da wani abu tana karɓe wani, kuma haƙƙin almajiri ne a kan malaminsa ya bayyana masa duka biyu tun da wuri, ya bar shi ya zaɓa ko don maƙwabta zai yi aiki ko don baƙi.

An yi makamancin wannan a ƙasar Yarabawa, a Oshogbo, inda Duro Ladipo, mai wasan kwaikwayo, da taimakon wani Bature mai suna Ulli Beier, ya buɗe wata cibiya mai suna Mbari Mbayo a gidansa a 1962. A 1964 wata Baturiya mai suna Georgina Beier ta tara samari a nan, da yawansu 'yan ƙungiyar wasan Duro Ladipo ne waɗanda ba su taɓa shiga makarantar zane ba, ta ba su takarda da fenti, ta bar kowa ya fito da abin da ke ransa, tana bi tana ƙarfafa wa kowa gwiwa a kan abin da ta ga nasa ne na kansa. Daga wannan aji aka sami Twins Seven-Seven, da Muraina Oyelami, da Jimoh Buraimoh wanda mai gyaran lantarki ne, daga baya ya shahara da yin hoto da duwatsun ado irin waɗanda ake jerawa a kambin sarakunansu.

Yanzu sai mu dawo ɗakinmu. Ranar farko ba ranar lacca ba ce. Bayan sallama da addu'a, a baza kayan aiki a tabarma, a ce kowa ya yi abin da ya iya, malami kuwa ya kame bakinsa ya zuba ido a kan hannuwa, domin a wannan rana shi ne almajiri: zai ga mai gaggawa, da mai tsoron ɓata takarda, da wanda hannunsa ya fi bakinsa iya magana, da wadda ta zauna can baya saboda kunya alhali ta fi kowa. Bayan haka in zai ƙara musu wani abu, ya ƙara ɗaya tak a zama guda, ya yi shi a gabansu sannu a hankali sau biyu ko uku, yana zaune a gefensu suna fuskantar wuri ɗaya, gama in ya zauna gaba da gaba da su, damansa ya zama hagunsu, su rikice.

Gyara shi ne wurin da aka fi rasa almajirai, domin babba ya fi jin zafin kunya a kan zafin bulala. Mu ƙaddara wani dattijo yana zana dagi, hannunsa na rawa, layi guda ya bi ta sama inda ya kamata ya bi ta ƙasa, saƙar ta warware. Malami mai garaje zai fizge fensir ya gyara a gaban jama'a, dattijo ya yi murmushi ya ce madalla, gobe kuma a ga wurinsa ba kowa, a ce ƙafa ke damunsa. Mai ladabi kuwa zai durƙusa kusa da shi, ya sassauta murya ya ce, "Baba, wannan kusurwa ta fita sosai. Don Allah bi mini layin nan da yatsa daga nan, mu ga inda zai kai mu." Dattijo ya bi, ya bi, sai ya tsaya ya ce, "Af! Ashe nan ya haye ɗan'uwansa." Shi ya gano da kansa, girmansa bai zube ba, ba kuwa zai sake wannan kuskure ba. Kada malami ya sa hannunsa a aikin wani sai da izini, in ma zai nuna, ya nuna a wata takarda dabam. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma mai gemu ba ya jure a maishe shi yaro.

Sha'anin lokaci kuma a bi halin gari. Da damina maza suna gona, ajin da aka buɗe a lokacin ba ya cika, rani shi ne lokacin sana'a tun fil azal. Mata kuwa a ware musu ajinsu da malama mace, a sa shi bayan an sauke abincin rana, a yarda su zo da goyo, a kuma tashi kafin sallar la'asar ta ƙure. Masu ginin tukwane su yi hattara da hunturu, domin iskarsa tana busar da bayan tukunya cikinta na ɗanye, sai ta tsage. A shanya a inuwa, a rufa da tsumma.

Kada a ce sai kaya sun zo daga birni za a soma. Tawadar makarantar allo gawayi ne da ƙaro, alƙalaminta kara ne ko gamba; baba da toka ke ba marina shuɗi, bagaruwa ke jeme fata, karan dafi ke ba dukawa ja, makuba daga kwasfar ɗorawa take, farar ƙasa da jar ƙasa kuwa ɗiba ake yi. Cibiyar da ta dogara ga fentin kanti takan mutu ranar da kuɗin hukuma ya yanke. Fa'ida ta biyu kuma, neman waɗannan abubuwa zai tilasta wa malami ya je gaishe da Sarkin Marina da Sarkin Maƙera da tsofaffin magina, ya roƙe su su zo su nuna wa aji hannunsu ko sau ɗaya, gama in suka ji an buɗe wurin koyar da sana'arsu ba a ko sallama musu ba, za su ɗauke shi kishiya, kuma suna da hujja.

Akwai wata tambaya wadda ba makawa sai an yi wa malami, watau hukuncin zana surar abu mai rai, kuma bai kamata ya yi fushi ko ya yi wa mai tambaya dariya ba, domin tsoron Allah ne ya sa shi tambaya. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne, an haramta sassaƙa ko gina cikakkiyar surar mutum ko dabba mai jiki wadda take da inuwa, wadda aka zana a shimfiɗe kuwa, kamar a takarda ko a tufa, ba ta kai haramun ba, barinta dai ya fi. Waɗansu malamai na wasu mazhabobi sun fi tsanantawa. Malamin zane ba mufti ba ne, saboda haka ya mai da mas'alar ga malaman garinsu, kada kuma ya tilasta wa kowa abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Fagen da ba a yi saɓani a kansa ba yana da faɗi ƙwarai: itatuwa da furanni, da gine-gine, da dagi, da zayyana, da kyautata rubutu, da duk zanen hula da riga da sirdi, waɗanda mutum zai ƙare ransa bai kai ƙarshensu ba.

Daga ƙarshe sai maganar kuɗi, wadda ta rusa cibiyoyi fiye da yadda gara ta rusa. In aiki ya soma kyau masu saye za su zo, wannan kuwa abin so ne, domin yawancin almajiranku suna da iyali. Sai dai a rubuta komai a littafi, a karanta a gaban kowa: abin da aka sayar, da na wane ne, da abin da aka cire na kayan aiki bisa yardar jama'a, a nan ne karatun da kuka yi a wannan aji zai yi muku rana. A kuma yi hattara da ɗan kasuwar da zai ga abu guda ya yi masa kyau ya ce a yi masa ɗari irinsa, gama ajin da ya karɓi wannan ciniki ba tare da shawara ba ya tashi daga makaranta ya koma wurin ƙwadago, mai koyo ya daina koyo. A karɓi abin da za a iya, a bar rana guda a mako wadda ba a yin aikin kowa sai gwajin sabon abu.

Kafin zama mai zuwa, kowannenku ya nemi abu guda na aikin hannu a gidansu wanda ya girme shi, ko faifai ne, ko ƙwarya, ko hula, ko tulu, ya tambayi tsofaffi wanda ya yi shi, da abin da aka yi shi da shi, da sunan zanen da ke jikinsa, ya rubuta amsar a layi 5 da hannunsa, ya zo mana da abin tare da rubutun gaba ɗaya.